Kada Ofishin Ƙungiya Ya Dogara da Layi Guda

 Kamar yadda kowa ya sani, a yau yawancin takardun sana'armu, tun daga na likitan dabbobi har zuwa shaidar biyan kuɗi, ta intanet suke zuwa ofis. To, ranar da layi ya ɗauke, tirela tana tsaye a kan iyaka, shanu suna ramewa, abokin ciniki a Legas ko Kumasi yana jiran amsa. Wannan asara ce da ake iya kauce mata da kuɗi kaɗan.

Layi yana ɗaukewa ta fuska uku. Ta farko lalacewa: ran 14 ga Maris 2024 manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka yanke a kusa da Abijan, intanet ya yi rauni kwana da kwanaki a Ghana, Nijeriya, Benin da maƙwabtansu. Ta biyu umarnin hukuma, kamar yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumban 2021. Ta uku rashin lantarki, irin wanda Nijar ta gani a Agustan 2023 da Nijeriya ta yanke mata wuta. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Makiyayi ba ya dogara da mashaya guda, haka ofis. A sayi ƙaramin akwatin intanet mai cin sim, a sa masa layin wani kamfani dabam da wanda ake aiki da shi kullum. In na yau da kullum Airtel ne, na ajiya ya zama Moov ko Zamani. In MTN ne, ya zama Glo ko Airtel. Ofisoshin bakin iyaka, irin na Ƙonni da Illela, su gwada ko layin ƙetare yana kamawa a wurinsu, don abin da ya rufe ƙasa guda ba lalle ya rufe maƙwabciyarta ba. Amma fa a riƙa sa wa layin ajiya kuɗi ana gwada shi duk wata, saboda sim ɗin da aka daɗe ba a taɓa ba, kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani. A haɗa da faifan sola da batir, don akwati ba ya aiki sai da wuta. Starlink kuwa, mai kamawa daga tauraron ɗan'adam, yana da kyau, sai dai tsada. Sai in ofisoshin kara guda sun yi karo-karo.

Sai batun imel, kuma nan ne aka fi sakaci. Adireshi ya zama na ƙungiya, ba na magatakarda ba, don mutum yana tafiya, yana barin aiki, yana rasuwa. Kalmar sirri ta kasance a hannun amintattu biyu. Gmail yana ba da lambobi 10 na ko-ta-kwana da ake shiga da su in wayar ta ɓace. A rubuta su a takarda a kulle tare da kuɗin ƙungiya. A buɗe adireshi na biyu a wani kamfani, a saita na farko ya riƙa tura masa kwafin duk wasiƙar da ta shigo. A riƙa leƙa shi, don tun 2023 Google ya sanar cewa asusun da ya shekara 2 ba a buɗe ba ana iya goge shi, sauran kamfanoni ma suna da irin wannan doka.

Daga ƙarshe, muhimman takardu a sauke su cikin kwamfuta, a kuma buga su a ajiye. Duk wannan shiri bai kai asarar kwana guda na tirela a kan iyaka ba. Shugabannin rassa su kawo maganar a taro mai zuwa. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin. Wassalam.