Gyaran makewayin gida: a fara da hanyar ruwa kafin a kai ga ado

Idan kaka ta kama, aka samu ɗan abin hannu, magidanta da yawa sukan waiwayi gyaran gida. A yi wa zaure sabon fenti, a sauya ƙofar falo, a ƙara wa uwargida rumfa. Makewayi kuwa sai abin da ya rage, in ma ya rage. Alhali babu wani ɗaki a cikin gida da kowa da kowa ke shiga kamarsa, tun daga alwalar asuba har bayan lisha, yaro da babba, mai lafiya da majinyaci. Waɗanda suka tuna da shi kuma, sau da yawa daga sama suke farawa: a sayo karo mai ƙyalli, wato tayil, a kafa madubi da dush, bayan wata shida wari ya dawo, gindin katanga ya jiƙe, kuɗi sun tafi. Shawarar da muke kawo wa iyalai a wannan fitowa ita ce a juya tsarin, a fara tambayar inda ruwa zai bi, da kuma wanda ya fi kowa rauni cikin masu shiga wurin.

Ina ruwan wanka yake zuwa?

Daɓen wurin wanka yana bukatar gangara ta santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, zuwa ga rariya. Wannan ɗan ƙaramin lissafi shi ne ya raba aikin kirki da na banza. Kafin a sallami magini, maigida ya ɗauki bokiti guda na ruwa ya sheƙa a kusurwar da ta fi nisa da rariya, ya tsaya ya gani. In ruwan ya kwanta a wani wuri, nan gansakuka za ta fito, nan kuma wani zai zame wata rana. Gyara shi a ranar ya fi sauƙi a kan fasa karo daga baya.

Gidajen ƙasa suna da tasu matsala. Ruwan wanka da ke fantsama kullum yana cin gindin katanga a hankali, har ta rarake daga ƙasa alhali samanta lafiya lau, sai damina ta zo ta ƙarasa ta. Yaɓen siminti a kan ginin laka ba ya daɗewa in ba a yi masa abin kamawa ba, yakan ɓamɓare ya bar ruwa yana shiga ta baya. Wanda ya samu hali, ya fi kyau ya tayar da gindin katangar makewayi da bulon siminti ko dutse, ya shafe ta daga ciki har tsayin kafaɗa.

Daga nan sai rariya. Al'adar da ta zama ruwan dare a unguwanninmu ita ce a huda katanga a saki ruwa kan hanya. Kowa ya san sakamakon: kwata mai wari a ƙofar maƙwabci, sauro, yara suna wasa a ciki, masu zuwa masallaci suna tattare riga. Ba ƙaramin haƙƙi ake ɗauka ta nan ba. Maganinsa ramin tsotse ruwa ne, wanda magina ke kira puwizar: rami mai faɗin kamar mita 1, a cika shi da manyan duwatsu a ƙasa da tsakuwa a sama, a rufe, a nisanta shi da harsashin gini da mita 3 zuwa 5. Kafin a haƙa, a gwada ƙasar wurin da ƙaramin rami a cika shi da ruwa. Rairayi yakan shanye nan da nan, ƙasa mai yumɓu kuwa takan riƙe, sai a faɗaɗa ramin. A sa kuma ɗan akwatin siminti mai murfi tsakanin rariya da rami, domin ya tare gashi da ƙasa da kitsen sabulu, a riƙa kwashewa. Rashin wannan akwati yakan sa ramukan su toshe da wuri.

Abu guda da ya kamata a kiyaye: kada a haɗa ruwan wanka da ramin salga. Yana cika ramin da wuri, yana jiƙa bangonsa, kuma ramin da ba a gina cikinsa ba yana iya ruftawa.

Salga, wari da ƙudaje

Gidan da ba shi da tabbacin ruwan famfo kullum, kada ya yi gaggawar sayen masai irin na Turai mai tankin ruwa a baya. Tsohon samfurinsa yakan zubar da lita 9 ko fiye a kowane ja. A gida mai mutum 10, in kowa ya ja sau huɗu a yini, lita 360 ke nan, kuma ranar da famfo ya ɗauke, wurin ba ya shiguwa. Akwai masai na tsuguno mai lanƙwasasshen wuya da ake korawa da buta, lita 2 zuwa 3 sun ishe shi. Ruwan da ke tsayawa a lanƙwasar shi ne ke toshe hanyar wari da ƙudaje da kyankyasai. Wannan samfuri ya dace da mu ƙwarai, tun da dama da ruwa muke tsarki. A ƙasar Indiya an yaɗa shi tare da ramuka biyu da ake amfani da su bi da bi: in ɗaya ya cika a rufe shi a koma ɗayan, bayan kamar shekara biyu abin da ke cikin na farko ya bushe ya zama taki da za a kwashe ba tare da haɗari mai yawa ba.

Inda ruwa ke da wuya ƙwarai, salgar gargajiya ma tana gyaruwa. Cikin shekarun 1970, a cibiyar bincike ta Blair da ke ƙasar da ake kira Zimbabuwe a yau, Peter Morgan ya fito da dabarar salga mai bututun iska. Ana kafa bututu mai faɗin santimita 11 ko fiye daga cikin rami, ya zarce rufin da aƙalla santimita 50, a ɗaure masa raga a baki. Iskar da ke wucewa ta saman bututun tana jawo warin sama. Ƙudajen da ke cikin rami kuma haske suke bi, sai su hau bututun, raga ta tare su har su mutu. Don haka ne irin wannan salga take son rufi da ɗan duhu daga ciki, kuma ba a toshe bakinta da murfi, domin iska ta samu hanyar shiga. Ragar tana lalacewa, a riƙa duba ta ko sau ɗaya a shekara.

Wanda zai haƙa sabon rami, ya auna nisansa da rijiya, tasa ko ta maƙwabci. Ma'aunin da ma'aikatan lafiya ke bi shi ne mita 30, kuma ƙasan ramin ya kasance sama da ruwan ƙarƙashin ƙasa da aƙalla mita 1.5. A unguwannin da ke bakin gulbi ko fadama, inda ruwa ke kusa, gara a ɗaga salgar sama da matakala biyu ko uku a kan a zurfafa ta. Waɗanda suka ga ambaliyar Yamai ta 2020 sun san yadda ramuka ke tumbatsa su gauraye da ruwan tsakar gida, kuma cutar amai da gudawa, irin wadda ta addabi jihar Maraɗi a 2018 da 2021, ta ruwan da ya gurɓata da bayan gida take yaɗuwa.

Tsarki da sutura

Tambayar da aka fi yi wa malamai lokacin gini ita ce ta alƙibla. Hadisin Abu Ayyuba al-Ansari ya hana fuskantarta ko ba ta baya lokacin biyan bukata. Malaman Malikiyya, bisa ruwayar Abdullahi ɗan Umar, sun ɗauki hanin a kan fili, suka sauƙaƙa a cikin gini. Duk da haka, wanda zai kafa sabon masai bai rasa komai ba in ya juya shi kudu ko arewa, tun da alƙiblarmu gabas take, ta ɗan karkata arewa. Ta haka ya fita daga saɓani, kuma babu ko dala da ya ƙara kashewa. Wanda ya tarar da nasa a kafe kuwa, ba sai ya rushe ba.

Ya kyautu a raba wurin wanka da wurin bayan gida, ko da da gajeriyar katanga ce, daɓen wankan kuma kada ya karɓi ruwan da ya fito daga ɓangaren masai. Wannan yana kawar da waswasin fantsamar najasa ga mai wankan tsarki. Famfo ko mazaunin buta ya kasance ta hannun dama na mai tsuguno, domin da dama ake zuba ruwa, da hagu ake wankewa. Masu aikin famfo ba su cika lura da wannan ba sai an faɗa musu.

Wurin alwala kuwa, a fitar da shi waje gaba ɗaya. Ɗan dakali mai tsayin santimita 40, famfo ko randa mai murfi a gabansa, da ƙaramar kwata da za ta kai ruwan gindin zogale ko lemun tsami. Mutum ya yi bisimillarsa a sarari, layin asuba ya ragu, sabulu kuma ya samu wurin zama inda kowa zai wanke hannu in ya fito.

Makewayin da, marar rufi, ya wadatar a lokacin da duk unguwa ginin ƙasa ce. Yanzu da benaye ke tashi ta ko'ina, maigida ya tsaya a cikin nasa ya ɗaga kai ya duba tagogin da ke hango shi. A nemi shawarar matan gida kafin a sa hannu a aikin, domin su suka fi sanin abin da ya rasa: ƙusar rataye tufafi, kanta, sakata mai aiki, kwandon shara mai murfi. Ƙunzugun zamani da na jarirai ba sa ruɓewa, in aka jefa su rami sai su toshe tiyon motar kwasa.

Tsofaffi da ƙananan yara

Karo mai sheƙi na bango ne. Na ƙasa ya zama mai kaushi, kuma tun a shago a jiƙa shi a shafa da tafin hannu a ji. Faɗuwar tsoho a makewayi takan zo da karayar ƙugu, wadda ke kwantar da mutum watanni, wani ma ba ya sake tashi. Ƙarfen dafawa da aka kafa da kyau a bango, a tsayin santimita 80 zuwa 90, da kujerar wanka mai ƙarfi, suna ba dattijo damar yin tsarkinsa da kansa ba tare da ya kira jika ba, kuma wannan mutunci ne babba. Mai ciwon gwiwa da mai tsohon ciki su ne suka fi cancanta da masai na zama. Ƙofa ta riƙa buɗewa ta waje, domin in wani ya faɗi a bayanta a iya kai masa ɗauki.

Ga yara, faɗin bakin salga kada ya wuce santimita 20. A duba tsohon daɓe, musamman wanda aka ɗora a kan itace, ko gara ta ci shi. Bokiti da baho kuma a kife su bayan amfani, duro a rufe shi. Yaro mai rarrafe kansa yana da nauyi sosai in aka kwatanta da girman jikinsa, in ya leƙa bokiti ya kifa ciki ba ya iya fitowa, kuma ruwa kaɗan ya isa ya halaka shi ba tare da an ji motsi ba.

Lokacin sanyi yana zuwa da nasa haɗari. Shigar da murhun gawayi cikin rufaffen wurin wanka yana tara iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, mutum ya ji jiri ya faɗi. Ƙarfen dafa ruwa na lantarki da ake tsomawa a bokiti, a cire shi daga wuta kafin a taɓa ruwan, kuma makunni da soket su zauna a wajen ƙofa. Baƙar jarka da aka ajiye a rana tun hantsi tana ba da ruwan ɗumi da la'asar kyauta. Wajen wanke wurin kuma, kada a taɓa haɗa ruwan jabel da asid, domin hayaƙin da suke fitarwa yana ƙona huhu.

Aikin ya fi kyau a rani, a gama shi kafin ruwan farko ya sauka. Sabon daɓen siminti yana son a riƙa yayyafa masa ruwa, a rufe shi da buhu har kwana 7 kafin a taka, in ba haka ba zafin rana ya tsattsaga shi. Saboda haka tun kafin magini ya ɗaga guduma, a shirya inda iyali za su kewaya cikin wannan mako, ko da zana ce aka kafa a bayan ɗaki, ko a roƙi arzikin maƙwabci.