Assateague: tsibirin da dawaki suke shiga tantin baƙi

Yau za mu leƙa gabashin Amurka, jihar Maryland, inda wani siririn tsibirin rairayi mai tsawon kusan kilomita 60 ya miƙe a bakin tekun Atlantika. Sunansa Assateague. Wani yankinsa gandun shaƙatawa ne na gwamnatin jihar, kuma cikin gandayenta shi kaɗai ke fuskantar teku kai tsaye.

Da an bi ta masu kuɗi, da yau gidaje ne maƙil a wurin. An riga an yanka dubban filaye an sayar, har da shimfiɗa hanya. Sai guguwar watan Maris na 1962 ta zo ta share kusan duk abin da aka gina. A 1965 gwamnatin tarayya ta keɓe sauran tsibirin domin jama'a.

Gandun yana da wuraren kafa tanti sama da 300, ana kwana daga ƙarshen Afrilu zuwa Oktoba. Mai zuwa ya riƙo dogayen turaku, don gajeru ba su kama rairayi idan iska ta taso. Sauro da ƙudan cizo kuwa, a lokacin zafi, sai wanda ya gani.

Masu fatsa kan tsaya bakin ruwa da doguwar sanda su wurga ƙugiya bayan igiyar ruwa, suna neman kifin nan mai zane-zane da ƴan jihar ke kira rockfish. Ta yamma, inda ruwa ke kwance, ana kamun ƙaguwa. Mai shekara 16 zuwa sama sai da takardar izini zai yi fatsa.

Amma dawakin daji su ne masu gida. Ba linzami, ba mai kiwo. Ciyawar da suke ci gishiri gare ta, shi ya sa suke shan ruwa ninki biyu na dokin gida, tumbinsu ya yi ƙato. Doka ta ce a tsaya nesa da su mita 12, kuma kada a ba su komai. Sai dai baƙi sun riga sun lalata su: doki ya iya buɗe akwatin abinci, yana cizo, yana harbi. A ganina laifin na masu miƙa musu burodi ne don ɗaukar hoto. A 2017 wata goɗiya ta mutu bayan ta ci abincin karnuka da aka bari a fili.