Me Ya Sa Baƙo Ke Haki a La Paz?

Galibi idan jirgi ya sauke ka a wani gari, gajiyar tafiya ce kawai za ta dame ka. Birnin La Paz na ƙasar Boliviya, a Kudancin Amurka, ya fita daban. Filin jirgin da ke kai mutane birnin yana El Alto ne, sama da mita 4,000 daga matakin teku, shi kuma tsakiyar birnin yana kan kimanin mita 3,600. Don ka kwatanta, Jos da muke ganin tana kan tudu ba ta wuce kimanin mita 1,200 ba, Chappal Waddi kuwa, tsauni mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne.

Labarin matafiya kusan iri ɗaya ne: mutum ya ja jakarsa 'yan taku kaɗan, sai ya ji yana haki kamar wanda ya yi tsere. Kafin dare kai ya fara sarawa, abinci ya fita masa a rai, barci ya gagara. Mutanen yankin suna kiran wannan hali soroche. To, me ke faruwa a jiki?

Matsin iska ne ya ragu

Za ka ji ana cewa "ai can babu oksijin". Maganar na buƙatar gyara. Kason oksijin a iska kashi 21 cikin ɗari ne, a Legas kake ko a La Paz. Abin da ya canza shi ne matsin iska. Iska tana da nauyi, ta sama tana danne ta ƙasa. Duk hawan da ka yi, iskar da ke bisa kanka raguwa take, ƙwayoyinta su warwatsu. A tsayin La Paz matsin bai wuce kashi biyu cikin uku na wanda ke bakin teku ba. Wato za ka cika huhunka kamar kullum, amma oksijin da ya shiga ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Nan take jiki ke ɗaukar mataki: numfashi ya ƙaru, zuciya ta ƙara sauri. Sai dai yawan numfashi na fitar da iskar kabon-dayoksaid fiye da kima, tsamin jini ya ragu, ƙwaƙwalwa kuma ta ce a sassauta numfashin. Ka ga an samu ja-in-ja ke nan, jiki na neman oksijin, ƙwaƙwalwa na taka burki. Wannan ne ma ya sa baƙo kan farka cikin dare a firgice, yana jin kamar numfashinsa ya ɗauke.

Ƙoda ce ke raba gardamar. Cikin 'yan kwanaki takan fitar da sinadarin baikabonet ta fitsari, jini ya daidaita, numfashi ya samu damar ƙaruwa. Tana kuma sakin sinadarin EPO, wanda ke sa ɓargo ya ƙara yin jajayen ƙwayoyin jini, amma wannan aikin makonni yake ɗauka. Binciken yadda ƙwayoyin jiki ke gane ƙarancin oksijin ne ya ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel a 2019.

Ƙarfin jiki ba ya hana shi

Soroche kan fara ne awa 6 zuwa 12 bayan isowa, kuma ga yawancin mutane yakan lafa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Abin da ke ba matafiya mamaki shi ne bai san ƙato ba. Matashi mai motsa jiki kullum zai iya kwanciya, dattijuwar da suka zo jirgi ɗaya tana zirga-zirgarta. Abin da ya fi tasiri shi ne saurin hawanka da kuma yanayin halittarka.

Masu kallon ƙwallo sun san zancen. A 2007 hukumar FIFA ta hana buga wasannin ƙasa da ƙasa a filayen da suka haura mita 2,500, ƙasashen tsaunukan Andes suka yi ca, aka jingine dokar a 2008. A watan Afrilun 2009 Boliviya ta lallasa Ajantina da ci 6 da 1 a filin Hernando Siles na La Paz, Messi na cikin fili, Maradona na koci.

Idan zama ya kama ka

Wanda ya zauna zai tarar tsayin ya shiga har cikin tukunyarsa. Saboda ƙarancin matsi, ruwa na tafasa a kusan digiri 88 maimakon 100. Zai yi ta ɓararraka, amma zafinsa bai kai ba, sai wake da shinkafa su yi ta jan lokaci. Shi ya sa tukunyar nan mai kulle tururi ta zama kayan yau da kullum a gidaje.

Rana ma sai an yi hattara da ita. Garin akwai sanyi, musamman da dare, amma iskar da ke tace hasken rana mai ƙona fata ba ta da kauri, ga bushewa mai fasa leɓe kamar ana hunturu. Hatta tsarin unguwanni ya bi tsayi. La Paz na cikin kwari ne, masu hali sun fi zama a Zona Sur da ke can ƙasa, inda aka fi ɗumi da sauƙin numfashi, masu ƙaramin ƙarfi kuma sun fi yawa a gangaren sama da El Alto. Tun 2014 motocin da ke tafiya a kan igiya, Mi Teleférico, ke haɗa sama da ƙasa.

Su kuwa 'yan asalin wurin, irin su ƙabilar Aymara, kakanninsu sun yi dubban shekaru a tsaunukan, kuma jininsu ya fi na mazauna bakin teku yawan himoglobin. Mutanen Tibet wata hanya jikinsu ya bi: sun fi yawan numfashi, himoglobin ɗinsu bai hau sosai ba. Yawan jajayen ƙwayoyi ma yana da illa. Idan ya wuce kima jini kan yi kauri, ciwon da likitan ƙasar Peru, Carlos Monge, ya bayyana a shekarun 1920.

Shayin koka fa?

Da ka isa masauki za a iya miƙo maka shayin ganyen koka. Tsohuwar al'ada ce, kuma halal ne a dokar Boliviya. Sai dai babu ƙwaƙƙwarar hujjar kimiyya cewa yana hana soroche, kuma yakan sa gwajin fitsari ya nuna alamar hodar iblis. Kada ka kuskura ka sako ganyen a jaka ka tsallaka iyaka. Maganin da bincike ya tabbatar shi ne acetazolamide, wanda ke hanzarta aikin ƙodar da muka ambata, amma sai da shawarar likita.

Inda wasa ya ƙare

Idan da hali, ka yada zango a gari kamar Cochabamba, mai tsayin kimanin mita 2,500, kafin ka ƙarasa. Ka huta a ranar farko, ka yi tafiya sannu, ka ci abinci marar nauyi, ka sha ruwa. Muddin kana da ciwon kai ko tashin zuciya, kada ka ƙara hawa.

Alamu biyu ba a jira da su. Ta farko, haki ko kana zaune, da tari mai kumfa: ruwa ne ke taruwa a huhu. Ta biyu, tangaɗi da ruɗewa: ƙwaƙwalwa ce ke kumbura. Dukansu suna kisa. A nemi asibiti da oksijin nan take, a kuma gangara da mutum ƙasa.

Akwai gargaɗin da ya shafe mu kai tsaye. Ƙarancin oksijin na lanƙwasa ƙwayoyin jinin mai sikila, ya tayar masa da ciwo. Ko mai rukunin AS, wanda bai taɓa jin komai ba a gida, jini na iya toshewa a saifarsa a irin wannan tsayi, ya ji ciwo mai tsanani a hagun cikinsa ta sama. Don haka kafin ka sayi tikitin La Paz, ko Cusco, ko Quito, ka san rukunin jininka, ka kuma ga likita.