Training Day: Kwana Ɗaya a Motar Alonzo

Fitilar kan hanya ta ba da hannu, motoci na ta danna ham, amma baƙar Monte Carlo ƙirar 1979 ta ƙi motsawa daga tsakiyar mararraba. A cikinta, jami'in 'yan sanda Alonzo Harris ya ɗora wa sabon yaron aikinsa bakin bindiga a kai. Laifin yaron shi ne ya ƙi zuƙar wiwin da suka ƙwace hannun wasu ɗalibai mintuna kaɗan da suka wuce. Hujjar Alonzo kuwa, duk ɗan sandan ciki da ya ƙi abin da dila ya miƙa masa, gawarsa za a ɗauka. Yaron, Jake Hoyt, mai mata da jaririya a gida, wanda burinsa bai wuce ƙarin girma ba, ya karɓa ya zuƙa. Sai da kansa ya fara juyawa sannan aka gaya masa cewa an haɗa tabar da PCP, ƙwaya mai gusar da hankali.

Da wannan fitowar fim ɗin Training Day yake kama mai kallo a wuya. Ya fito a Amurka a watan Oktoban 2001, Antoine Fuqua ya ba da umarni, David Ayer ya rubuta labarin, Denzel Washington da Ethan Hawke suka ja ragama. Labarin gaba ɗaya na yini guda ne a birnin Los Angeles, daga karin kumallo zuwa tsakar dare, ranar da Jake zai gwada ko ya cancanci shiga rundunar yaƙi da miyagun ƙwayoyi da Alonzo ke shugabanta.

Babban ƙarfin fim ɗin shi ne yadda yake jan mai kallo cikin laifi sannu a hankali. Masu kallo sun saba gane bos tun daga fitowarsa ta farko, da muzurai da tabo a fuska. A nan bos ɗin shi ne ya fi kowa fara'a, ya fi kowa iya magana, kuma sau da dama maganarsa tana kama da gaskiya. Idan ya ce titi yana da dokarsa wadda ba a koyarwa a kwalejin 'yan sanda, sai mutum ya gyaɗa kai. Idan ya ce sai ka zama kura kafin ka iya kare tumaki, sai mutum ya ce ai haka ne. Kowane mataki ɗan ƙarami ne a kan na baya: zuƙa ɗaya, kwalbar giya ɗaya a bakin aiki, bincike ɗaya ba bisa ƙa'ida ba. A gidan matar wani dila, Alonzo ya ɗaga takardar jerin abincin wani gidan abincin Sinawa a matsayin waranti, ya shiga ɗaki ya yi awon gaba da dala 40,000. Abin da ban dariya, har sai an tuna cewa akwai ƙaramin yaro zaune a falon yana kallon bindiga.

Sai la'asar ta yi ake gane cewa duk abin da ya faru tun safe shiri ne. Rashawa 'yan mafiya suna bin Alonzo dala miliyan 1 saboda ya kashe mutuminsu a Las Vegas, kuma wa'adin zai cika tsakar dare. Da kuɗin da ya sata ya sayi waranti na gaske daga wasu manyan jami'ai uku, ya kai samame gidan Roger, tsohon dila kuma abokinsa da suka sha tare da safe. Aka fasa daɓen kicin aka tono sama da dala miliyan 4, Alonzo ya ware kasonsa, ya harbe Roger yana zaune a kujera, sannan ya tsara wa yaransa abin da kowa zai faɗa: Jake ne ya yi harbin. Da Jake ya turje, sai aka tuna masa cewa gwajin jini zai nuna abin da ya zuƙa da safe. Ashe tabar nan ta mararraba igiya ce aka zarga masa tun da hantsi.

Irin wannan ɓarna ba ƙirƙira ba ce zalla. A 1998 aka kama wani ɗan sandan Los Angeles mai suna Rafael Pérez bisa satar hodar iblis daga ɗakin ajiyar kayan shaida. Yana cikin rundunar CRASH ta ofishin Rampart, wadda aka kafa don yaƙar 'yan daba. Da ya ga uwar bari, sai ya fara tona asirin abokan aikinsa don a rage masa hukunci: duka, ƙaƙaba wa mutane makamai da ƙwayoyi, shaidar zur a kotu. Mafi muni shi ne na Javier Ovando, matashin da Pérez da abokin aikinsa suka harba a 1996, ya shanye, suka ajiye bindiga kusa da shi, kotu ta ɗaure shi shekara 23. An sake shi a 1999, birnin ya biya shi diyyar dala miliyan 15. An soke hukunci sama da 100, an rushe CRASH a shekarar 2000. Ayer ya rubuta labarinsa kafin wannan badaƙala ta fashe, amma lokacin da fim ɗin ya fito babu mazaunin birnin da zai ce an yi ƙari.

Fuqua bai yarda da ginin wucin gadi ba. Ya kai kyamararsa cikin unguwanni irin su Imperial Courts da Baldwin Village, inda 'yan daba ke da ƙarfi, ya nemi yardar mutanen wurin, wasunsu ma suka fito a fim ɗin. Ana jin hakan a idon mutanen da ke tsaye a baranda suna kallon motar Alonzo, kallon wanda ake tsoro amma ba a ƙauna.

Sai dai rubutun ya yi tuntuɓe a inda bai kamata ba. Alonzo ya bar Jake a gidan wani ɗan daba, Smiley, wanda ya riga ya biya don ya kashe shi. An lakaɗa masa duka, an jefa shi cikin bahon wanka, an sa masa bakin bindiga a fuska. Ana laluben aljihunsa sai ga jakar kuɗin wata yarinya 'yar shekara 14, wadda Jake ya ƙwata hannun wasu 'yan ƙwaya biyu a wani lungu da rana. Yarinyar kuwa 'yar'uwar Smiley ce. A birnin da ke da mutum kusan miliyan 4! Wasan da Cliff Curtis ya yi a matsayin Smiley yana sa gaban mutum faɗuwa, amma fim ɗin da ya shafe awa ɗaya da rabi yana nuna cewa nagarta ba ta da kasuwa a titi, sai ga shi ya ceci jaruminsa da sa'a irin ta tatsuniya.

Daga nan kuma abin ya koma fim ɗin faɗa da aka saba gani: harbe-harbe a ɗaki, tsalle daga rufi, mutum ya faɗo kan mota ya miƙe. Mata ba su da wani abin yi sai jira da kuka. Eva Mendes an kawo ta ne kusan don ado. Baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka yawancinsu dilolin ƙwaya ne ko 'yan daba, mai tsabtar zuciyar kuwa Bature. Wannan ƙorafi ya ƙara ƙarfi a watan Maris na 2002, daren da Denzel ya lashe kyautar Oscar ta gwarzon jarumi, baƙar fata na biyu bayan Sidney Poitier. Masu suka suka tambaya: me ya sa ba a ba shi ba lokacin da ya fito a Malcolm X a 1992, sai da ya fito a ɓataccen ɗan sanda? Tambayar tana da tushe, ko da yake wanda ya ga Alonzo a tsakiyar layi da dare, jini na zuba, yana kurin ya fi King Kong yayin da mutanen unguwa ke juya masa baya ɗaya bayan ɗaya, zai yi wuya ya ce ba a biya kuɗin kyautar ba.

Rashawa sun tare Alonzo a hanyar filin jirgin sama, sun yi masa ruwan harsashi. Manyan nan uku da suka sayar da waranti a teburin abinci, su ne ainihin ciwon, amma ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Abin da fim ɗin ya bayar a madadinsu bai fi jimla biyu ba: Jake na shiga gida da dare, ana jin muryar mai karanta labarai yana sanar da cewa wani gogaggen jami'i ya rasa ransa a bakin aiki, ya bar mata da 'ya'ya huɗu.