Ƙananan gasannin sinuka: shekara 6 sunka yi, wa ya ci ribarsu?

Yau za mu kai ku ƙasar Ingila domin mu duba labarin wani wasa da a ke kira sinuka, da kuma wani jerin ƙananan gasanni da anka ƙirƙiro masa a shekara ta 2010, anka rufe a shekara ta 2016. Sunan jerin Players Tour Championship, amma an fi saninsa da haruffa uku: PTC. Labarin ya shafi abincin mutane, don kuwa akwai waɗanda ba su da wata sana'a sai wannan wasa.

Mene ne sinuka?

A kan tebur a ke yinsa, wani babban tebur mai shimfiɗar koren ƙyalle, tsawonsa ya zarce mita 3 da rabi, yana da ramuka 6 a gefe. A kan zuba ƙwallaye 22: jajaye 15, masu wasu launuka 6, da fara guda. Ɗan wasa yana zungurar farar da kan doguwar sanda, ita kuma ta bugi wata ta tura ta rami. Ja maki 1 ce, baƙa maki 7, sauran suna tsakani. Ƙa'ida ita ce a saka ja, sannan mai launi, sannan a koma ga ja. In ƙwallaye sun ƙare, zubi ɗaya ya ƙare ke nan, wanda ya fi maki shi ya ci.

Hafsoshin sojan Ingila ne sunka fara wasan a Indiya a ƙarni na 19. An buɗe gasar duniya a 1927, kuma tun 1977 a birnin Sheffield a ke yin ta. A 1985, mutum miliyan 18 da rabi sunka raba dare gaban telebijin a Birtaniya suna kallon Dennis Taylor yana kayar da Steve Davis a kan baƙar ƙwallo ta ƙarshe. Wannan shi ne lokacin da kasuwar wasan ta fi ci.

Yadda kasuwa ta mutu

Kamfanonin sigari ne ke ɗaukar nauyin manyan gasanni. Da doka ta hana tallar taba a wasanni, sai sunka janye ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe a 2005. Kuɗi ya ragu, gasanni sunka ragu. A kakar 2009 zuwa 2010, gasa 6 kacal ke ba da makin daraja, wato makin da a ke jera ƴan wasa da shi daga na ɗaya zuwa na ƙarshe.

Ga manyan gwanaye wannan bai zama yunwa ba, domin a kan gayyace su wasannin nuni a biya su. Amma na ƙasa fa? Sai ya bi matakan share fage, in an fitar da shi a karon farko, ya koma gida ya yi makonni yana jiran wata gasa. Mutum yana amsa sunan ɗan sana'a, amma kwanakin aikinsa na shekara ba su taka kara sun karya ba. Wasu sai sun haɗa da wani aiki kafin tukunya ta hau wuta.

Hukumar wasan ta gwada magani a wannan kaka, ta shirya wasu ƙananan gasanni masu suna Pro Challenge Series. Ba su da makin daraja, ladarsu kuma kaɗan ce. Ƴan wasa ba su zo da yawa ba, har anka soke wasu daga ciki. Kaka guda sunka yi.

Zuwan Barry Hearn

A watan Disamba na 2009 anka ɗora Barry Hearn a kan shugabancin hukumar. Ɗan kasuwa ne, shi ne ya riƙa kula da harkokin Steve Davis a zamanin tashensa. A watan Yuni na 2010 ƴan wasa sunka jefa ƙuri'a, 35 sunka yarda, 29 sunka ƙi, anka miƙa masa kashi 51 cikin 100 na kamfanin da ke shirya gasanni. Alkawarin da ya yi musu shi ne aiki: wanda ke son wasa zai samu wurin yi.

A cikin wannan wata anka buɗe PTC. Ga tsarinta a kakar farko. Gasa 12, rabi a wata makarantar horo da ke Sheffield, rabi kuma a ƙarƙashin sunan Turai, a garuruwan Jamus da Beljik da Cek, da guda a Gloucester ta Ingila. Kowace gasa ƴan wasa 128, a gama cikin kwana 3. Karawa gajera ce, wanda ya riga cin zubi 4 ya wuce, alhali a karon ƙarshe na gasar duniya sai an ci zubi 18. An kuma buɗe ƙofa ga ƴan sha'awa, waɗanda ba sana'arsu ba ce: in sun tsallake share fage, suna iya samun kansu gaban zakaran duniya. A ƙarshen kaka, mutum 24 da sunka fi tara kuɗi su haɗu a babbar gasar rufewa.

Abin da ya bambanta ta da gwajin baya shi ne maki. Wanda ya ci gasar PTC yana samun maki 2.000, na gasar duniya kuwa 10.000. Kaɗan ne, amma in an tara na gasa 12 sai ya yi nauyi. Mark Williams ya ci ta farko. Shaun Murphy ya ci gasar rufewa a birnin Dublin a watan Maris na 2011, ya ɗauki fam dubu 60.

Mu yi lissafi

Kowace gasar Sheffield an ware mata fam dubu 50. Na ɗaya ya ɗauki dubu 10, na biyu dubu 5. Daga nan ladar tana ta raguwa, har wanda ya ci karawa guda anka fitar da shi a ta biyu, shi fam 200 ne rabonsa. Wanda ya faɗi a karon farko ba shi da ko kwabo.

To, cikin mutum 128, mutum 64 suna faɗuwa a karon farko, 32 a karo na biyu. Ashe 96, wato uku cikin huɗu, suna komawa gida da fam 200 ko hannu wofi. Kuɗin jirgi zuwa Jamus, da na otel, da na abinci, duk daga aljihun ɗan wasa su ke fita. Wanda anka ƙirƙiro gasar dominsa, wato ƙaramin ɗan wasa, shi ne ya fi jin nauyin kayan. In ya tafi, wataƙila ya yi asara. In ya zauna gida, abokan takararsa su tara maki su wuce shi, har ya rasa gurbinsa cikin ƴan sana'a. Gaba kura, baya sayaki.

Manya ma sun yi guna-guni. Ronnie O'Sullivan ya koka a fili cewa maki ne ke tilasta musu shiga gasar da ba su so. Stephen Maguire shi ma ya yi magana mai zafi. Wani abin da ya dame su shi ne gasannin Sheffield: a cikin ƙananan ɗakuna a ke yin su, babu taron ƴan kallo, babu tafi. Amsar Hearn ba ta sauya ba: da kun ce babu aiki, ga aiki ya samu.

Waɗanda sunka amfana

Duk da haka, ba a rasa waɗanda ƙananan gasannin sunka ɗaga ba. Judd Trump yana da shekara 21 ya ci ta garin Fürth na Jamus a watan Agusta na 2010. Kafin shekara ta zagayo ya ci babbar gasa a ƙasar Sin, ya kuma kai karon ƙarshe na gasar duniya, inda John Higgins ya kayar da shi 18 da 15. Stuart Bingham ya ci biyu cikin gasanni uku da anka fara kaiwa Sin a 2012, sannan ya zama zakaran duniya a 2015. Rory McLeod, haifaffen Ingila ɗan asalin Jamaika, ya shiga sana'ar tun 1991, amma sai a 2015, yana da shekara 44, ya ɗaga kofi mai makin daraja, a gasar yankin Ruhr na Jamus.

Wasan kansa ya samu sababbin gidaje. An kai shi Folan, da Bulgariya, da Latbiya, da Fotugal, da Holan, inda jama'a sunka saba ganin gwanaye a telebijin kawai. A can ne anka riƙa samun ƴan kallo. Ganin haka, daga 2013 anka bar gasannin ɗaki na Ingila, jerin ya koma kashi biyu, na Turai da na Asiya.

Dalilin rufewa

Da tafiya ta yi nisa, manyan gasanni masu kuɗi sunka yawaita, musamman a Sin, har ranakun shekara sunka cika. Ƙananan gasanni sunka riƙa raguwa: daga 12 a kakar farko, sun dawo 7 a kakar 2015 zuwa 2016. Mark Allen ne ya ci gasar rufewa ta ƙarshe a Manchester a 2016, daga nan anka naɗe tabarmar jerin.

Ba duka sunka ɓace ba a lokacin. Gasar Riga, da ta Jibralta, da ta Fürth mai ɗauke da sunan Paul Hunter, gwanin da ciwon daji ya kashe a 2006 yana da shekara 27, an ɗaga su sun zama cikakkun gasannin daraja na wasu shekaru. Gasar rufewa kuma ta ci gaba da sunan Players Championship, ta manyan gwanaye 16. Har ila yau, tsarin zuba mutum 128 tun karon farko, babba da ƙarami, ya shiga yawancin manyan gasanni daga 2013.

Sauran matsalar aljihu. Ita ba ta samu amsa ba sai a 2022, sa'ad da hukumar ta lamunce wa kowane ɗan sana'a fam dubu 20 a shekara, a cire daga ladar da ya ci in ya ci. Shekara 12 ke nan bayan buɗe PTC.

Jama'a, mai shirya kowace irin gasa yana da abin lura a nan. Gwajin 2009 ya mutu don babu abin da ke jawo ɗan wasa. PTC ta rayu shekara 6 don maki sun sa dole a zo, ta samar da aiki, ta fito da sababbin gwanaye. Amma tun ranar farko akwai tambayar da anka bari a baya: wanda ya zo daga nesa ya faɗi a karon farko, wa zai biya masa kuɗin komawa gida?