BAYANI: Yadda Hausa ta zama harshen waƙar coci a Arewa, da takaddamar da ke biyo sautinta zuwa unguwanni

A duk ranar Lahadi, daga Jos zuwa Kafanchan, daga Kaltungo zuwa Mubi da Zuru, dubban majami'u na rera waƙoƙin sujada da harshen Hausa. Akasarin masu rerawar kuwa ba Hausawa ba ne. Berom ne da Angas da Bajju da Tangale da Margi da Bura, kowanne da harshen da ya tashi da shi a gidan iyayensa. Duk da haka, idan aka zo yabon Ubangiji cikin jama'a, Hausa ce ke haɗa su.

Wannan al'amari yana da tarihi, yana kuma da nasaba da siyasar yau: wa ke da harshen Hausa, ina iyakar 'yancin yin wa'azi, kuma wace doka ce ke tsakanin lasifikar wurin ibada da barcin maƙwabci?

Yadda aka faro

Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, Lugard ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba. Daga nan aka taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautu, sai suka karkata ga al'ummomin da ba Musulmi ba a Filato, Kudancin Zariya, Adamawa, Kudancin Borno da Tangale. Ƙungiyar SIM, wadda aka kafa a 1893, da SUM, wadda ta yada zango a Wase a 1904, da mishan ɗin 'Yan'uwa da ya sauka a Garkida a 1923, duk sun tarar da matsala guda: harsuna barkatai, wani lokaci kowane tsauni da nasa. Fassara littafin addini zuwa kowannensu aiki ne na shekaru masu yawa. Hausa kuwa ta riga ta zama harshen kasuwa da fatauci, gwamnatin mulkin mallaka ma da ita take aiki.

Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda ya zauna a birnin Zariya kafin a mayar da tashar zuwa Wusasa a 1929, shi ne jigon fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wadda ta fito cikakkiya a 1932. Wannan fassara tare da Littafin Waƙoƙi su ne suka zama ginshiƙan sujada a ikilisiyoyin da suka gaji 'yan mishan, wato ECWA da COCIN da EYN da takwarorinsu. Har sunayen wasu daga cikinsu da Hausa aka raɗa: EYN na nufin Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, TEKAN kuma Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya.

Masu fassarar sun ɗauki kalmomin da suka tarar a bakin jama'a: Allah, Ubangiji, addu'a, annabi, mala'ika, alheri, gafara. Shi ya sa Musulmin da ya gifta ta ƙofar coci yakan ji kalmomin da ya saba da su, ko da aƙidar da ke bayansu ta sha bamban da tasa.

Daga waƙar Turai zuwa tulu da ganga

Waƙoƙin farko fassara ce aka ɗora a kan karin waƙoƙin cocin Ingila da Amurka. A nan aka sami cikas, domin Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Kalmar "gari" ta mazauni da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya ne, furuci ne ke raba su. Idan karin waƙar Turai ya ɗaga murya inda Hausa ke sauke ta, ko ya ja wasalin da ya kamata a gajarta, kalma takan fita a karkace. Bugu da ƙari, 'yan mishan da dama na farko sun hana kiɗan ganga a coci, saboda suna danganta shi da bukukuwan addinin gargajiya.

Mata ne suka fi kowa sauya wannan yanayi. Ƙungiyar Zumuntar Mata, wadda kusan kowace babbar ikilisiya a Arewa ke da irin tata, ta shigo da salon bayarwa da amshi irin na waƙoƙin daka da na dandali, da kiɗan tulu da ganga da caki, da anko na atamfa mai ɗauke da tambarin ikilisiya. Waƙoƙinsu kan taɓo zaman aure, tarbiyyar 'ya'ya, shaye-shaye, rashin lafiya da mutuwa, cikin Hausa mai sauƙi wadda ko wanda bai je makaranta ba zai haddace. A farkon shekarun 1960 kuma aka ƙaddamar da shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa, wanda ƙungiyoyin mawaƙansa ke zagaya ƙauyuka da kasuwanni, har sunan Sabon Rai ya zama sunan wani salon waƙa.

Rediyo ya ƙara wa abin nisan zango. Gidan rediyon ELWA, wanda SIM ta buɗe a Laberiya a 1954, da Muryar Bishara, wadda ta fara watsa shirye-shirye daga Addis Ababa a 1963 har gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace tashar a 1977, duk sun watsa shirye-shiryen Hausa da aka naɗa a Jos. Wannan ya taimaka wajen mayar da Jos cibiyar kiɗan coci a Arewa. A can Panam Percy Paul ya kafa sansaninsa, a can Jeremiah Gyang ya fito a farkon shekarun 2000 da salon da ya gauraya Hausa da kiɗan zamani. A yau mawaƙa irin su Solomon Lange na rera Hausa a manyan taruka a Abuja da Legas, gaban mutanen da ba sa jin harshen.

Abin da ke bayan waƙar

Waƙa ita ce abin da maƙwabci ya fi ji, amma hulɗar coci da jama'ar gari ta fi daɗewa a fannin lafiya da ilimi. A ƙarshen shekarun 1930, hukumomi sun danƙa wa SIM kula da sansanonin masu cutar kuturta a lardunan Kano, Katsina da Sakkwato, wanda ya buɗe wa mishan ƙofa zuwa cikin waɗannan masarautu. Asibitin ido na ECWA da ke Kano ya fara aiki a 1943, asibitin Galmi a Jamhuriyar Nijar kuma a 1950. A Jos, asibitin Evangel, wanda yanzu ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham, ya yi suna wajen yi wa mata masu yoyon fitsari aiki. Musulmi da yawa sun warke a waɗannan wurare, kuma har gobe suna zuwa.

Makarantun mishan ma sun bar sawu a siyasar Arewa. Dakta R.A.B. Dikko, likita na farko daga Arewa kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, da Janar Yakubu Gowon, duk sun fito daga da'irar mishan ɗin Zariya da Wusasa.

Sai dai wannan taimako bai taɓa rabuwa da zargi ba. Tun zamanin sansanonin kutare, sarakuna da malamai sun nuna damuwa cewa magani da makaranta hanya ce ta sauya wa marasa ƙarfi addini, musamman yara. Ikilisiyoyi ba sa ɓoye cewa shelar bishara wajibi ce a imaninsu, amma sukan ce jinya da koyarwa umarni ne mai zaman kansa, ba ciniki ba. Wannan saɓanin fahimta yana nan har yau.

Rikicin Boko Haram ya nuna wata fuskar ta daban. Akasarin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yan EYN ne, kuma a Oktoban shekarar mayaƙan suka mamaye hedikwatar ikilisiyar da ke Kwarhi, kusa da Mubi. A 2015 mawaƙan Zumuntar Mata ta EYN suka zagaya majami'u a Amurka suna rera waƙoƙi, suna ba da labarin abin da ya sami yankinsu, a daidai lokacin da ake tara tallafi ga 'yan gudun hijira. Waƙar da ta fara a matsayin ibada ta zama hanyar isar da koke da neman agaji.

Abin da doka ta ce

Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin addini, har da 'yancin sauya shi da yaɗa shi, shi kaɗai ko cikin jama'a. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma. A ɗaya gefen, hukumar kula da muhalli ta NESREA tana da ƙa'idojin hana hayaniya tun 2009, kuma a 2016 gwamnatin Legas ta rufe gomman coci-coci da masallatai bisa ƙorafin maƙwabta kan ƙarar lasifika.

A Arewa, gwajin da ya fi tayar da ƙura shi ne ƙudurin dokar wa'azi da gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta kai majalisar dokokin Kaduna a 2016, domin maye gurbin dokar soja ta 1984. Ƙudurin ya tanadi lasisi ga masu wa'azi, ya taƙaita amfani da lasifika da dare, ya kuma iyakance wuraren da za a iya kunna kaset na addini. Gwamnati ta ce manufarta daƙile kalaman tunzura jama'a a jihar da ta sha fama da rikicin addini. Ƙungiyoyin Kirista sun ce hakan tauye sashe na 38 ne, wasu malaman Musulunci ma suka nuna adawa. A 2019 majalisar ta amince da ƙudurin, yayin da babbar kotun jihar ta yanke cewa tilasta wa fastoci karɓar lasisi ya saɓa wa tsarin mulki.

Haɗarin fita da wa'azi waje ba a takarda kaɗai yake ba. A Yulin 2016 aka kashe Eunice Olawale a Kubwa da ke Abuja yayin da take wa'azin asuba a kan titi, lamarin da ya girgiza Kiristoci a faɗin ƙasar.

Inda gizo ke saƙa

Rikicin shari'a na 2000 da rikicin addini na 2002 sun raba Kaduna gida biyu, kogi a tsakani. Na 2001 da waɗanda suka biyo baya sun yi wa Jos irin haka. Matasa da yawa a biranen biyu sun girma ba su taɓa zama unguwa ɗaya da mabiyin ɗaya addinin ba. Abin da ya rage a tsakaninsu shi ne kasuwa, waya, da harshen Hausa. Waƙar coci ta Hausa na yawo a Facebook da TikTok tana isa kunnen waɗanda ba za su taɓa taka majami'a ba, kamar yadda Kiristocin Arewa ke jin waƙoƙin Kannywood a shago da cikin motar haya.

Ƙorafin hayaniya na gaskiya ne, kuma ya shafi coci mai kwana tana kiɗa kamar yadda ya shafi masallaci mai sakin lasifika har tsakar dare. Ma'aunin da za a auna kowace gwamnati da shi shi ne ko tana zartar da doka ɗaya a kan ɓangarorin biyu, da awon ƙarar sauti da kayyade lokaci, ba da duba wane ne ke da rinjayen ƙuri'a a unguwar ba. Duk jihar da ta rufe wurin ibadar marasa rinjaye ta ƙyale na masu rinjaye, ko a Kano ne ko a Filato, ta buɗe ƙofar ƙarar da sashe na 38 zai yi mata hukunci a kai.