Harsashi Mai Tabo: Wanne Za A Harba, Wanne Za A Ajiye?

A wannan fitowar za mu taɓa maganar harsashi, domin ta shafi 'yan'uwanmu na ƙauyukan Hausawa da ke Jazira da gaɓar kogin Nilul Azraƙ a ƙasar Sudan, tun daga Mai Wurno kusa da Sinnar har zuwa Damazin. Duk wanda ya taɓa kwana da garke a dajin da ke tsakanin Sinja da Dindir ya san kura ba ta sallama. Shi ya sa wasu masu shanu ke riƙe bindigar farauta mai lasin, galibi irin wadda a can ake ce wa khartush.

To, samun harsashi ta halaltacciyar hanya ya yi wuya. Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 ya dagula ciniki. Wad Madani ta fita hannun sojan gwamnati a Disamba 2023, sai Janairu 2025 suka karɓe ta, Sinja kuwa daga Yuni zuwa Nuwamba 2024. Sai mutum ya koma tonon tsohon akwati, ko ya sake ɗura kwanson da aka riga aka harba. Tambayar ita ce: harsashin da ya yi baƙi, ko ya ƙuje, ko hancinsa ya lotse, zai tafi inda aka auna?

An daɗe da gwada wannan. Wani likita a Amurka, Franklin Mann, ya shafe shekaru yana ɓata harsasai da gangan yana harbawa, ya buga sakamakonsa a 1909. Abin da ya gano ya saɓa wa zaton yawancinmu. Lahani a hancin harsashi ɗan kaɗan yake kautar da shi, amma lahani a gindinsa shi ne ke jefa shi gefe. Dalili kuwa, hayaƙin albarushi ta gindi yake tura harsashi. A daidai lokacin da zai bar bakin bindiga, in gindin bai daidaita ba, sai hayaƙin ya riga kuɓucewa ta gefe ɗaya, ya karkata shi tun bai yi tafiyar taki ɗaya ba. Haka kuma in nauyin dalmar ya rinjaya gefe guda, domin harsashin bindiga mai dogon zango juyawa yake yi kamar mazari, kuma mazarin da ya karkace ba ya zare mai kyau.

Launi da ƙujewa kuwa ba su da wani tasiri a tazarar da makiyayi ke harbi, watau taki hamsin zuwa ɗari. Kamfanoni irin su Sierra da Nosler a Amurka har sayar da harsasai masu tabo suke yi a kan rahusa, maharba suna rububinsu. Mu da muka san kara ba sai an yi mana dogon bayani ba: bijimin da ƙaya ta yaga wa fata farashinsa ne ke sauka, tafiyarsa tana nan. Wanda ke ɗingishi shi ake bari a hanya.

Inda muke so a buɗe ido shi ne kwanso da albarushi. Kwanson tagulla da ya dushe ya yi duhu ba komai, a goge da tsumma. Amma in ka ga kore-kore mai gari, ko ramuka ƙanana, ko tsaga a wuyansa, wannan ya ci, kada a sa shi a bindiga. Na khartush kuwa, in ya sha raɓa ya kumbura har sai an danna shi da ƙarfi, ko tsatsa ta cinye gindinsa, a ajiye shi gefe. Daminar yankin Damazin tana da nauyi, zafin bazara a cikin gingimari kuma yana lalata albarushi sannu a hankali, alhali daga waje harsashin na nan fes. Abin takaici ke nan, wani lokaci mai kyan ganin shi ne mugun.

In ka ja kunama bindiga ba ta tashi ba, kada ka buɗe nan take, kada kuma ka leƙa bakinta. Riƙe ta tana kallon inda babu mutum babu dabba har minti ɗaya, domin tsohon harsashi yakan yi jinkiri sannan ya tashi. In kuma ta tashi da ƙara marar ƙarfi, tsaya. Mai yiwuwa wani abu ya maƙale a bututun, kuma harbi na biyu a kansa shi ke fasa bindiga a fuskar mai ita. A cire harsashi, a duba bututun ta baya. A lura da tsawo kuma. Khartush mai lamba 12 akwai na milimita 65, da 70, da 76, kuma tsofaffin bindigogin Ingila da yawa na 65 aka ƙera su. Dogon yakan shiga lafiya lau, amma bai dace da ita ba. A karanta abin da aka zana a jikin bututun.

Batun sake ɗuri, gaskiya ba mu goyon bayan a yi shi a zango. Masu yin sa a ƙasashen waje da sikeli suke auna albarushi, kuma sun san sunan irin da ke hannunsu. Albarushi iri-iri ne, wani yana ci da sauri, wani a hankali, ido kuma ba ya bambance su. Wanda ya fasa harsashin soja ya juye abin cikinsa a bindigar gargajiya da maƙeri ya yi domin baƙin albarushi, to ya yi wasa da yatsunsa da idonsa. Harsasan da yaƙi ya bari a gonaki kuwa, a gargaɗi 'yan kore da yara kada su taɓa, a sanar da hukuma.

Sai maganar doka, wadda ta fi shafar aljihunmu. Sudan tana da dokar makamai da harsasai ta 1986, Nijeriya tana da tata ta 1959, ƙasashen ECOWAS kuma sun sa hannu a yarjejeniyar ƙananan makamai a 2006. Lasin da aka ba ka a ƙasa ɗaya ba ya tsallaka iyaka da kai. A gandun dajin Dindir, wanda aka keɓe tun 1935, an hana farauta, komai takardar da kake riƙe da ita. Harsashi ɗaya da aka manta a aljihun ɗan kore ya isa a tsare mota da shanunta a shingen bincike, ko a Gallabat kan iyakar Habasha, dabbobi suna rama a rana ana ta kai da komo. Saboda haka kafin a yi lodi, maigida ya zazzage jakunkunan yaransa da kansa, har da aljihun riguna da ƙarƙashin kujerar direba.